Ƙananan Kwamfutoci Masu Fanel Ɗaya: Yadda Ake Gwada Ƙarfinsu da Ƙara Musu Gudu Ba Tare da An Ƙona Su Ba

Akwai wata irin kwamfuta da girmanta bai wuce katin ATM ba, amma tana hawa intanet, tana kunna bidiyo, tana riƙe lissafin shago, har kyamarar tsaro takan kula da ita dare da rana. Yaranmu da ke koyon gyaran waya da kwamfuta a Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba sun san ta, haka ɗalibanmu da ke jami'o'i da kwalejojin fasaha a nan kurmi, musamman idan lokacin furojet ɗin ƙarshe ya zo. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Raspberry Pi.

Duk wanda ya mallaki ɗaya, ba ya daɗewa sai ya fara tambayar ko za a iya ƙara mata gudu. Ana iyawa. Sai dai a garin da zafi ya yi yawa, wuta kuma ba ta da tabbas, wanda ya fara da ƙara gudu ya fara ne daga ƙarshe. Abubuwa uku ne ke gaba: wutar da ke shiga, zafin da ke fita, da kuma memorin da take aiki a kai. Tunda da dala ake sayo kayan nan, ƙona guda ɗaya ko rasa bayanan da ke ciki ba ƙaramar asara ba ce, don haka bin tsari ya zama dole.

Mece ce kwamfuta mai fanel ɗaya?

A kwamfutar tebur, komai da mazauninsa: furosesa daban, ram daban, katin hoto daban, kuma ana iya cire wannan a sa wancan. A wannan ƙaramar kuwa, an haɗa su duka a fanel guda, kamar dai yadda fanel ɗin waya yake. Ba a ƙara mata ram, ba a canza mata furosesa. Abin da ka saya shi za ka zauna da shi, shi ya sa masu ita ke neman hanyar tatsar ƙarfin da ke ciki har digon ƙarshe.

Tsawon Raspberry Pi milimita 85 ne, faɗinta 56. Tana da kafofin USB, da kafar haɗawa da talabijin ko allon kwamfuta, da kafar kebul ɗin intanet, da kuma wasu allurai 40 a gefe da ake jona fitila, injin ƙofa, na'urar auna zafi da makamantansu. Manhajar da aka fi sa mata ita ce Raspberry Pi OS, wadda reshe ce ta Linux, kuma a kan memori irin na waya take zama.

Kada a haɗa ta da Arduino, wadda aka fara yi a Italiya a 2005, ko Raspberry Pi Pico da ta fito a Janairun 2021 a kan dala 4. Waɗannan ba sa ɗaukar cikakkiyar manhajar kwamfuta, aiki ɗaya ake rubuta musu su yi ta maimaitawa.

Daga ina ta fito, kuma yaya ƙarfinta ya ƙaru?

Wasu malamai da injiniyoyi a Kambirij ta Ingila, ciki har da Eben Upton, su ne suka kafa gidauniyar Raspberry Pi bayan sun lura cewa ɗaliban da ke neman karatun kwamfuta suna raguwa, waɗanda ke zuwa ma ba su taɓa rubuta manhaja da hannunsu ba. Suka ce bari a yi kwamfuta mai arha wadda yaro zai yi wasa da ita, ko ta lalace ba za a yi kuka ba. Akasarinsu a masana'antar Sony da ke Pencoed a yankin Wales ake ƙera su, kuma zuwa 2024 an sayar da fiye da miliyan 60.

Ga yadda manyan samfuran suka biyo juna:

- Ta farko: 29 ga Fabrairu 2012, dala 35, furosesa mai kai ɗaya, gudun megahaz 700, ram megabait 256, daga baya aka mai da shi 512.
- Pi 2: Fabrairu 2015, kai huɗu, megahaz 900, ram gigabait 1.
- Pi Zero: Nuwamba 2015, dala 5, kai ɗaya, gigahaz 1.
- Pi 3: Fabrairu 2016, kai huɗu, gigahaz 1.2, ita ta fara zuwa da wayfay da Bluetooth. Pi 3B+ ta biyo a Maris 2018 da gigahaz 1.4.
- Pi 4: Yuni 2019, gigahaz 1.5, daga baya sababbin da aka ƙera suka koma 1.8. Mai ram gigabait 8 ta fito a Mayu 2020.
- Pi 5: Oktoba 2023, gigahaz 2.4. Farashin fitowarta dala 60 ga mai gigabait 4, dala 80 ga mai 8.

Idan an ce kai huɗu, ka ɗauka kamar murhun gas mai kai huɗu: tukwane huɗu a lokaci guda. Amma tukunya ɗaya ba ta nuna da wuri don kawai akwai sauran kawuna uku, haka nan manhajar da ba ta iya raba aikinta ba, kai ɗaya kawai za ta mora.

Me ake nufi da ƙara gudu?

A cikin kowace furosesa akwai agogo da ke bugawa, kuma da kowane bugu take yin taki ɗaya na aiki. Gigahaz 1 na nufin bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa. Masu ƙira sukan tsayar da agogon a inda suka tabbata kowace ɗaya da ta fito daga masana'anta za ta jure, ko a ina aka kai ta. Saboda haka yawanci akan samu ɗan sarari a sama. Shiga wannan sararin shi ne abin da masu sana'ar ke kira obakulok.

Ba haram ba ne a wurin masu Raspberry Pi. Tun a Satumbar 2012 su da kansu suka fito da tsarin da ya ba ta farkon damar tashi daga megahaz 700 zuwa gigahaz 1 ba tare da garanti ya faɗi ba, da sharaɗin za ta sauko da kanta idan zafi ya kai digiri 85.

Matsalar ita ce, agogo idan ya ƙara sauri yakan buƙaci ƙarin ƙarfin wuta, wato bolt, don lissafi ya fita daidai. Wutar da furosesa ke ci tana ƙaruwa daidai da ƙarin gudu, amma a ɓangaren bolt ninki take yi a kan kansa: ƙarin kashi 10 cikin ɗari na bolt yana jawo ƙarin kusan kashi 21 na cin wuta. Duk wutar nan kuwa zafi take komawa. Shi ya sa ɗan ƙarin gudu kan zo da zafi mai yawa.

Sannan ba duka suke jurewa iri ɗaya ba. Biyu da aka saya rana ɗaya a shago ɗaya, wannan ta kai gigahaz 2.1 lafiya lau, waccan ta tsaya a 1.9. Ɗan bambanci ne da ke faruwa tun wurin ƙira, ba wanda ya cuce ka. Lambar da ta yi wa abokinka aiki ba lallai ta yi maka ba.

Auna kafin ka taɓa komai

Wanda bai san inda ya taso ba, ba zai san nisan da ya yi ba. Kafin ka canza ko harafi ɗaya, buɗe tagar rubuta umarni ka san waɗannan guda uku:

vcgencmd measure_temp yana nuna zafin furosesa a ma'aunin Salshiyas.

vcgencmd measure_clock arm yana nuna gudun da take yi a daidai lokacin.

vcgencmd get_throttled yana faɗa maka ko ta taɓa taka burki tun da aka kunna ta.

Na ukun nan shi ne mai gaskiya. Idan ya ba ka 0x0, komai lafiya. Idan ka ga 0x50000, wuta ta taɓa yin ƙasa kuma ta rage gudu saboda haka. Idan 0x50005 ne, to yanzu haka da kake kallo matsalar na faruwa.

Bayan su, sai manhajojin gwaji. Ana sauke biyu da umarnin sudo apt install sysbench stress-ng. Umarnin sysbench cpu --threads=4 run zai ba ka lamba, wato yawan aikin da ta gama a daƙiƙa. Shi kuma stress-ng --cpu 4 --timeout 15m zai ɗora wa kawunan huɗu kaya na minti 15 ba hutu, kai kuma kana duba zafi a wata tagar. Samu littafi ka rubuta kwanan wata, lokaci, lambar da ka samu da zafin da ta kai. Yi gwajin sau uku ka ɗauki na tsakiya, kuma ka yi shi da rana tsaka lokacin da ɗaki ya fi zafi, don gwajin asuba yaudara ne.

Doka ɗaya ce a nan: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. In ka canza caja da fanka da gudu a tare, aka samu ci gaba ko matsala, ba za ka san wanne ne sila ba.

Na farko: wuta

Yawancin ƙorafin da ake yi cewa Raspberry Pi na da nauyi ko tana kashe kanta, daga caja yake. Pi 4 tana son bolt 5.1 da amfiya 3. Pi 5 tana son bolt 5 da amfiya 5, wato cajarta ta asali mai wat 27. Za ta tashi da mai amfiya 3, amma sai ta taƙaita wutar da take ba kafofin USB zuwa miliamfiya 600 maimakon amfiya 1.6, ka ga kenan diski na waje zai iya ƙin aiki.

Da zarar wutar da ke shiga ta sauka ƙasa da bolt 4.63, sai ta yi gargaɗi ta rage gudu. A tsofaffin manhajoji alamar walƙiya ce ke fitowa a kusurwar allo, a sababbi kuma rubutun gargaɗi.

A nan ne cajar waya ke yaudarar mutane. Ka ga an rubuta wat 33 ko 65 a jiki, ka ce ai ta fi ƙarfin abin da ake nema. To amma wannan wat ɗin a kan bolt 9 ko 11 ko 20 take ba da shi ga wayar da ta san yarenta. A kan bolt 5, yawancinsu amfiya 2 ne ko 3. Juya cajar ka karanta ƙananan rubutun, ka nemi layin da ya fara da 5V.

Kebul ma da nasa laifin. Siririn kebul mai tsawo yana shanye wuta a hanya. Misali, idan turjiyarsa ta kai om 0.2 kuma kwamfutar na jan amfiya 2.5, rabin bolt ya tafi kenan: 5.1 ta koma 4.6, ƙasa da iyaka. Gajere mai kauri shi ne magani.

Sai babbar matsalarmu, ɗauke wuta. Idan NEPA ta ɗauke a daidai lokacin da kwamfutar ke rubutu a memori, fayiloli na iya lalacewa har ta ƙi tashi gaba ɗaya. Canji daga NEPA zuwa janareta ma ɗaukewa ce a wurinta. Mai inbata ko sola ya huta. Wanda zai dogara da fawa-banki kuwa ya gwada tukuna, don da yawansu sukan yanke wuta na ɗan ƙiftawar ido idan aka jona su a caji ko aka cire, wannan kuma ya isa ya kashe ta. Akwai ƙananan faneloli masu batir da aka yi musamman don wannan, ana ɗora su a kan alluran gefe. Abin daɗin shi ne ba ta da ci: wadda ke jan wat 5 dare da rana, a wata guda yunit 3.6 kawai za ta ci a mita.

Na biyu: zafi

Raspberry Pi tana kare kanta. Daga digiri 80 take fara rage gudu a hankali, idan ta kai 85 sai ta taka burki sosai. Pi 3B+ ma tun daga digiri 60 take sauka daga gigahaz 1.4 zuwa 1.2. Saboda haka wuya ne ta ƙone nan take, sai dai ka ga ka rubuta mata gigahaz 2 amma bayan minti biyar tana gudun da bai kai na asali ba. An yi ba a yi ba kenan.

Ga abin da ya kamata mazauna kurmi su riƙe. Yawancin gwaje-gwajen da za ka gani a bidiyo an yi su ne a ɗakunan Turai da Amurka masu sanyin digiri 20 ko kusa da haka. Furosesa kuwa a kan zafin ɗaki take ɗora nata. Wadda ta tsaya a digiri 70 a ɗaki mai 20, ta ɗora 50 kenan. Kawo ta shagon kwano a Agege ko Sabon Ibadan a watan Maris, inda zafi kan kai 33 ko ya wuce, za ka same ta a wajen 83, ta riga ta shiga yankin burki. Na'ura ɗaya, saiti ɗaya, sakamako daban.

Hanyoyin sanyayawa hawa-hawa ne. Mafi arha shi ne ɗan ƙarfen alminiyam mai haƙora da ake manna wa furosesa, yana zuƙe zafi ya watsa a iska. Shi kaɗai a cikin rufaffen akwatin roba ba ya wani tasiri, tunda iskar ba ta da mafita. Sama da shi akwai akwatin da gaba ɗayansa alminiyam ne, jikinsa na taɓa furosesa, ba ƙara, ba abin da zai lalace. Sai kuma fanka haɗe da ƙarfe, wanda shi ne ya fi dacewa da mai son ƙara gudu. Pi 5 tana da nata na asali da ya fito a kan dala 5, kuma da kanta take sarrafa shi: ta kunna shi a hankali a digiri 50, ta ƙara a 60, ta ƙara a 67.5, ta sake shi gaba ɗaya a 75.

Ƙananan dabaru ma na taimakawa. Tsayar da fanel a gefensa ya fi kwantar da shi, don iska na ratsa fuska biyu. A nisanta shi da bayan talabijin, da kan inbata, da taga mai rana. Lokacin hunturu ƙura kan toshe haƙoran ƙarfen da fanka, sai a riƙa sharewa da busasshen burushi bayan an kashe. A garuruwan bakin teku irin Legas da Fatakwal kuma, laima na sa kafofi tsatsa, don haka wadda ba a amfani da ita a adana ta a rufaffen mazubi.

Abin da ake nema shi ne ta gama gwajin minti 15 ɗin nan ba ta wuce digiri 75 ba, kuma get_throttled ya nuna 0x0. In ba ta ci wannan jarrabawar a gudunta na asali ba, maganar ƙari ba ta taso ba.

Na uku: memori

A aikin yau da kullum, kamar buɗe manhaja, shiga shafin intanet ko adana lissafi, sau da yawa furosesa zaune take tana jiran memori. Ƙara mata gudu a wannan hali kamar sayen mota mai gudu ne a shiga go-sulo na Oshodi.

Idan memori za ka yi amfani da shi, nemi mai alamar A1 ko A2 a jiki. Alamar na nufin an yi shi don ƙananan karatu da rubutu masu yawa, irin wanda manhaja ke yi. Ka kuma yi hattara da jabu, waɗanda aka rubuta wa gigabait 64 alhali cikinsu bai kai haka ba. Irinsu sukan yi aiki lafiya har ranar da suka cika, sai su fara taka tsofaffin bayanai. Manhajar H2testw a Windows ko f3 a Linux tana tona asirinsu, kuma gara a gwada tun ranar saye.

Kafar memori ta Pi 4 ba ta wuce wajen megabait 45 a daƙiƙa, ta Pi 5 kuma ta kusa ninka haka. Diskin SSD da aka jona ta shuɗiyar kafar USB 3 a Pi 4 yakan ba da megabait 300 ko fiye. Pi 5 kuwa ta zo da wata kafa mai suna PCIe wadda ake jona diskin NVMe ta hanyar ɗan ƙaramin fanel, a samu wajen megabait 450. Idan aka rubuta dtparam=pciex1_gen=3 a fayil ɗin saiti, yakan kai 800 ko fiye, sai dai masu ƙirar ba su ba da tabbaci a kan wannan matakin ba, don haka shi ma gwaji ne. Ana auna gudun memori da sudo hdparm -t /dev/mmcblk0.

Kwatanta da kanka: obakulok zai ba ka ƙarin kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, komawa SSD kuwa ninki shida ko fiye ne a wurin karatu. Mai kuɗi kaɗan ya san inda zai fara sa su.

Ga wadda za a bari tana aiki ɗaya ba mai kula da ita, kamar allon talla ko ɗakin karatu, akwai zaɓi a cikin raspi-config da ke kulle memori ya zama na karatu kawai. Da wannan, ko an ɗauke wuta sau goma a rana ba abin da zai lalace, sai dai duk abin da aka rubuta yana gogewa idan aka kashe.

Yanzu sai ƙara gudun

Kafin komai, kwafi duk abin da ke da muhimmanci zuwa wani wuri. Saitin yana cikin fayil mai suna config.txt. A manhajar da ta fito daga Oktoban 2023 zuwa yau yana cikin /boot/firmware/, a tsofaffi kuma /boot/. Ana buɗe shi da sudo nano /boot/firmware/config.txt, a rubuta a ƙasa, a adana, a sake kunnawa.

A Pi 4, layuka biyu ne: arm_freq shi ne gudu a megahaz, over_voltage kuma ƙarin wuta, kowane taki ɗaya bolt 0.025 ne. Saitin da aka fi sani shi ne arm_freq=2000 tare da over_voltage=6. Ga tsohuwa mai 1.5 ƙarin kashi 33 ne, ga sabuwa mai 1.8 kuwa kashi 11 kacal.

A Pi 5 ana amfani da arm_freq da over_voltage_delta, wanda ake rubutawa da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt, wato 50000 na nufin bolt 0.05. Da yawa suna kai 2800, wasu 3000, wasu kuma ba sa kaiwa. Daga 2.4 zuwa 2.8 ƙarin kusan kashi 17 ne, zuwa 3.0 kuma kashi 25.

Kada ka yi tsalle zuwa lambar ƙarshe. Ƙara megahaz 100, sake kunnawa, yi gwajin minti 15, rubuta sakamako, sannan ka ƙara. Ranar da ta daskare, ko ta kashe kanta, ko manhaja ta fara rufewa ba dalili, ka wuce iyakarta. Koma baya taki ɗaya ko biyu, ka bar ta tana gwaji na awanni kafin ka amince mata da aikin gaske. Haɗarin da ya fi daskarewa shi ne wadda ke tafiya kamar lafiya amma tana kuskuren lissafi jefi-jefi, tana rubuta gurɓatattun bayanai ba ka sani ba.

Akwai layin da ake kira force_turbo=1, wanda ke hana ta saukowa ta huta ko ba aiki. Haɗa shi da ƙarin wuta yana iya barin alama ta dindindin a cikin furosesa da ke nuna an wuce ƙa'ida, garanti kuma ya faɗi. A zafinmu ba shi da wani amfani, a bar shi kawai.

In ta ƙi tashi bayan canji, kada hankalinka ya tashi. Cire wuta, zare memorin, sa shi a wata kwamfutar ko da mai Windows ce, za ka ga config.txt a fili. Goge layukan da ka ƙara, mayar da memorin, za ta tashi kamar da.

Ina masu gwaji suka kai?

Da farko manhajar da ke tada Pi 5 ba ta barin a wuce gigahaz 3. Da aka sassauta wannan a Maris 2024, wani Ba'amurke mai gwaje-gwaje da aka sani a YouTube, Jeff Geerling, ya kai tasa 3.14, daga baya a shekarar ya kai 3.4 bayan ya yi wa tsarin wutar dabara ya kuma ƙara sanyaya mai ƙarfi. Irin wannan na neman suna ne da gano iyaka, wutar da ake ƙonawa ta fi ribar da ake samu.

Wasu kuma maimakon matsa wa ɗaya, sai su tara da yawa su raba musu aiki. A 2012 Farfesa Simon Cox na Jami'ar Southampton ya haɗa guda 64 a cikin gidan da aka gina da bulolin wasan yara na Lego, a kan kuɗin da bai kai fam 2,500 ba. A 2017 cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka ta haɗa 750 don gwada manhajojin manyan kwamfutoci, kamfanin Oracle kuma ya nuna gungu mai 1,060 a 2019. Gungu irin wannan makaranta ce ta koyon yadda ake raba aiki tsakanin injuna. In dai ƙarfi zalla ake nema, kwamfutar tebur ɗaya mai kyau takan fi tarin ƙanana a kuɗi ɗaya.

Sauran faneloli

Ba Raspberry Pi kaɗai ba ce a kasuwa. Orange Pi 5 da Radxa Rock 5B daga ƙasar Sin suna ɗauke da furosesar Rockchip mai kai takwas, huɗu manya huɗu ƙanana, kuma a aikin da ke rabuwa sun fi Pi 5 ƙarfi. Akwai Odroid daga kamfanin Hardkernel na Koriya ta Kudu, da BeagleBone Black da ta fito a 2013 wadda masu sarrafa injuna ke so, da Jetson Nano ta Nvidia da ta fito a 2019 a kan dala 99 don aikin gane hoto. Inda Raspberry Pi ta fi su shi ne manhaja mai kyau da yawan masu amfani, ta yadda duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ya warware ta. Umarnin vcgencmd da config.txt nata ne ita kaɗai, amma maganar wuta, zafi da memori ta shafe su duka.

Wa ya kamata ya ƙara, wa ya kamata ya bari?

Mai koyo, da mai kunna tsofaffin wasanni ta RetroPie, da mai amfani da ita a madadin kwamfutar tebur, su ne za su ga amfanin ƙarin, kuma in ta daskare ba abin da suka rasa sai sake kunnawa.

Amma wadda aka ɗora wa amana a bar ta a gudunta na asali. Misali wadda ke riƙe lissafin bashi da kayan shago, ko mai naɗar kyamarar tsaro a rumbun kaya, ko wadda aka sa wa Kiwix a makarantar unguwa don yara su karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ta wayfay ba tare da data ba. Irin waɗannan ayyuka ba gudu suke nema ba, so ake a wayi gari a same su suna aiki. Wasu ma rage musu gudu ake yi da gangan, a rubuta arm_freq ƙasa da na asali, don su rage zafi batir kuma ya daɗe.

Ga wanda zai sayi kaya gobe, jerin shi ne: caja ta gaske da gajeren kebul, sai fanka ko akwatin alminiyam, sai memori mai A2 da aka gwada ko SSD, sai abin da zai riƙe wuta idan an ɗauke. In kuɗi ya ƙare a nan, ba ka yi asara ba, don ka riga ka samu mafi yawan ƙarfin da ke cikinta. Layuka biyun config.txt kyauta ne, suna nan suna jiranka duk ranar da get_throttled ya nuna maka 0x0 da rana tsaka.